Tambayoyi da Amsoshi a Kan J.M.G. Le Clézio, Marubucin Faransa Mai Tushe a Biretanyi

Ɗaliban sashen Faransanci da masu bibiyar adabin ƙetare sukan yi ta maimaita wasu tambayoyi game da wannan marubuci, musamman idan suka ji cewa ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Nijeriya. An tattara tambayoyin a nan, an fara da na share fage kafin a shiga masu zurfi.

Wane ne Le Clézio?

Cikakken sunansa Jean-Marie Gustave Le Clézio, an kuma haife shi ranar 13 ga Afrilu 1940 a birnin Nice da ke gaɓar teku a kudancin Faransa. Da Faransanci yake rubutu, kuma ya wallafa littattafai fiye da 40 waɗanda suka haɗa da ƙagaggun labarai, gajerun labarai, maƙaloli, littattafan yara da fassarar tsofaffin rubuce-rubucen mutanen Meksiko. Yana riƙe da takardar zama ɗan ƙasa ta ƙasashe biyu, wato Faransa da Morishas, kuma a shekarar 2008 aka ba shi kyautar Nobel ta adabi.

Shin Biretanyi ita ce Birtaniya?

A'a, kodayake sunayen biyu tushensu ɗaya. Biretanyi, wadda Faransawa ke rubutawa Bretagne, yanki ne a arewa maso yammacin Faransa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, ruwa ya kewaye shi ta ɓangarori uku. Sunan ya samo asali ne daga mutanen da suka ƙetaro daga tsibirin Birtaniya wajen ƙarni na 5 da na 6 suka zauna a wurin tare da harshensu. Yankin ya daɗe yana da sarautarsa, sai a 1532 aka haɗe shi da masarautar Faransa.

Harshensu, Biretonci, ba karin harshen Faransanci ba ne. Dangin harshen mutanen Wales ne, kuma Bafaranshen da bai koye shi ba ba zai tsinci komai a cikinsa ba. Yankin ya fitar da manyan marubuta da suka yi rubutu da Faransanci, irin su Chateaubriand da aka haifa a Saint-Malo a 1768 da Ernest Renan da aka haifa a Tréguier a 1823.

Idan a Nice aka haife shi, kuma danginsa mutanen Morishas ne, ta ina ya zama ɗan Biretanyi?

Ta wajen kakanni ne. Wani kakan kakanninsa mai suna François Alexis Le Clézio ya bar Biretanyi a 1798 tare da iyalinsa, ya nufi tsibirin da a lokacin ake kira Île de France a Tekun Indiya, wanda shi ne Morishas ta yau. A 1810 Ingilishi suka ƙwace tsibirin daga hannun Faransa, don haka zuriyar ta ci gaba da magana da Faransanci a gida alhali a takarda talakawan Sarkin Ingila ne. Sunan gidan kansa Biretonci ne, yana nuni ga shingen ƙasa da manoman yankin ke kewaye gonakinsu da shi. Mahaifinsa da mahaifiyarsa auren zumunci suka yi, kakansu ɗaya, saboda haka ta kowane ɓangare jinin Biretanyi ne.

Zuriyar ta yi arziki a Morishas har ta mallaki wani babban gida mai suna Eurêka a Moka, amma rikicin gado ya raba kan dangi, aka fitar da reshen da mahaifinsa ya fito daga gidan. Wannan rashi ya bi marubucin a littattafai da dama, musamman Le Chercheur d'or na 1985 da Voyage à Rodrigues na 1986, waɗanda suka ginu a kan labarin kakansa da ya shafe shekaru yana haƙar neman dukiyar da ake cewa 'yan fashin teku sun binne a tsibirin Rodrigues. A ganina, wanda ya fahimci cewa Le Clézio ya gaji ƙasashe biyu da danginsa suka baro, Biretanyi da Morishas, tun kafin ya san ko ɗaya daga cikinsu da idonsa, ya kama bakin zaren yawancin abin da ya rubuta.

Yana rubutu da Biretonci?

Ba ya yi. Harshen da ya tashi da shi Faransanci ne, sannan Ingilishi, daga baya kuma ya ƙware a Sifaniyanci saboda zamansa a Meksiko. Biretonci ya ji shi ne a bakin yaran masunta da manoma lokacin da iyalinsa ke zuwa hutun ƙarshen shekarar karatu a ƙauyen Sainte-Marine, kamar yadda amsar da ta shafi Biretanyi a littattafansa ta yi bayani.

Abin da ya gani da idonsa shi ne yadda harshen ya ja baya cikin tsara ɗaya. A wajen 1950 masu jin Biretonci sun kai kimanin miliyan ɗaya, amma a yau ba su kai dubu 200 ba, kuma yawancinsu tsofaffi ne. Makaranta ta taka rawa a wannan: yaron da aka kama yana Biretonci akan rataya masa wata alama a wuya, sau da yawa takalmin katako, shi kuma sai ya kasa kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda aka tashi makaranta da alamar a wuyansa shi ne zai sha horo. Dattawan da suka yi lakwal a Nijar zamanin Faransa sun san wannan alama, domin an yi amfani da irinta a kan masu Hausa da Zabarmanci. Daga ƙarshe iyaye da kansu suka daina yi wa 'ya'yansu harshen don kada su tashi da tambarin ƙauyanci da talauci. Makarantun Diwan da aka fara buɗewa a 1977 suna koyarwa da Biretonci domin ceto abin da ya saura.

Me ya kai shi Nijeriya?

Aikin mahaifinsa ne. Raoul Le Clézio ya yi karatun likita a Landan, ya yi aiki a Giyana ta Ingilishi, sannan a 1928 aka tura shi Afirka ta Yamma, inda ya yi shekaru a tsaunukan Bamenda da Banso a Kamaru, yana zagaya ƙauyuka a kan doki, matarsa na biye da shi. Daga baya aka mayar da shi Ogoja, a jihar Kuros Riba ta yanzu. Matar ta je Faransa haihuwa, Yaƙin Duniya na Biyu ya rutsa da ita a can, hanya ta toshe. Da yake a takarda su mutanen Ingila ne, sai ta gudu da yaranta biyu zuwa ƙauyen Roquebillière a cikin duwatsun bayan Nice, suka ɓuya a can cikin yunwa da fargaba.

Sai a 1948, yana da shekara takwas, ya fara sanin mahaifinsa. Sun shiga jirgin ruwa daga Bordeaux zuwa Fatakwal, kuma a cikin ɗakin jirgin ne yaron ya cika littattafan makaranta da labarai biyu na farko da ya taɓa rubutawa, ɗaya ya sa masa suna Un long voyage, wato doguwar tafiya. A Ogoja ya tarar da abubuwa biyu da ba su rabu da shi ba. Na farko shi ne sakewa: shi da wansa sukan cire takalma su ruga cikin dogayen ciyayi, su sami suri su yi ta dukansa da sanduna har ya farfashe, gara na warwatsuwa, ba tare da wani dalili ba sai ɗokin yaran da suka fito daga ɗaki bayan shekarun ɓuya. Na biyu shi ne uba baƙo, mai tsanani da saurin hannu, wanda kaɗaici da aikin asibiti ba magani isasshe suka busar masa da zuciya.

Akwai wata alaƙa tsakanin labarinsa da ƙasar Hausa?

Akwai, kodayake ta wajen mahaifinsa ce, kuma ba mai yawa ba ce. A littafinsa L'Africain ya ba da labarin yadda likitan, da ya ga yaƙi ya raba shi da iyalinsa, ya hauro arewa zuwa Kano, ya bi ayarin motoci ta Damagaram ya shiga Sahara da niyyar kaiwa Aljeriya, daga can ya ƙetara ya ɗauko matarsa da 'ya'yansa. Hukumomin Faransa suka tare shi a hanya suka mayar da shi, domin a lokacin dangantaka ta yi tsami tsakaninsu da Ingila. Abin da ya rage daga tafiyar shi ne hotunan da ya ɗauka a hamada.

Akwai kuma wani ɗan bayani a littafin da ke taɓa zuciyar mai karatu Bahaushe. Bayan shekara 22 a Afirka, tsohon ya yi ritaya a Nice, kuma ɗan ya tuna cewa da zarar ya shigo gida sai ya zura wata faffaɗar riga shuɗiya irin ta Hausawan Kamaru, ya zauna da ita har lokacin barci.

Yaya aka yi ya yi suna tun yana matashi?

Bayan sakandare a Nice, ya yi karatu a Bristol da Landan, ya dawo ya kammala digirinsa na farko a Nice, sannan a 1964 ya yi na biyu a Aix-en-Provence a kan mawaƙi Henri Michaux. Kafin nan, a 1963, kamfanin ɗab'i na Gallimard ya fitar da littafinsa na farko, Le Procès-verbal, wanda ya ci kyautar Renaudot alhali marubucin yana da shekara 23 kacal.

Tauraron littafin, Adam Pollo, saurayi ne da ya tare a wani gida da masu shi suka bari a kan tudu kusa da teku, kuma shi kansa bai tabbatar ba ko daga soja ya gudo ko daga asibitin masu taɓin hankali. Yana bin kare a titi, yana yi wa jama'a jawabin da ba su gane ba, har aka kai shi asibiti. Littattafan da suka biyo baya, irin su Le Déluge na 1966, La Guerre na 1970 da Les Géants na 1973, a kan wannan turba suke: birni mai ƙara da fitilu da manyan kantuna, ɗan Adam kuma a tsakiya kamar wanda aka yi wa tarko. Salonsu na gwaji ne, akwai shafukan da aka soke layi, da guntayen jarida, da tallace-tallace a tsakiyar labari. Suna da wuyar karatu, kuma ba da su ya kamata sabon mai karatu ya fara ba.

Me ya sa manazarta ke raba rubutunsa gida biyu?

Saboda salonsa ya sauya sosai a shekarun 1970, kuma tafiye-tafiye ne suka jawo haka. A 1967 aka tura shi Tailan domin hidimar ƙasa a madadin aikin soja, amma da ya fito fili ya yi tir da yadda ake jefa yara cikin karuwanci, sai aka ɗauke shi daga can aka kai shi Meksiko ya ƙarasa. A Meksiko ya faɗa cikin nazarin tarihin 'yan asalin ƙasar kafin zuwan Sifaniyawa. Daga 1970 zuwa 1974 kuma ya riƙa zama na tsawon watanni tare da mutanen Embera a dajin Darién na ƙasar Panama, ya koyi harshensu, ya zauna a gidajensu na bakin kogi.

Shi da kansa ya sha faɗa cewa wannan zama ya canza masa tunani a kan rayuwa da fasaha. Bayansa jimlolinsa suka lafa, suka yi sauƙi, labaransa suka koma kan yara, matalauta, 'yan gudun hijira da al'ummomin da aka ci da yaƙi. Tarin labaransa Mondo et autres histoires na 1978 shi ne ya fara nuna sabon salon ga jama'a da yawa. A ɓangaren ilimi kuma ya fassara littattafan Chilam Balam na mutanen Maya a 1976, ya yi digiri na uku a Jami'ar Perpignan a 1983 a kan tarihin yankin Michoacán, sannan ya fitar da Le Rêve mexicain a 1988, inda ya yi jimamin wayewar da mamayar Turawa ta katse. Ya koyar a jami'o'i a Albuquerque ta Amurka, da Seoul, da Nanjing.

Mene ne labarin Désert, kuma me ya sa ake yawan ambatonsa?

Désert, wato hamada, ya fito a 1980, kuma a shekarar ne Cibiyar Harshen Faransanci ta ba marubucin babbar kyautar Paul Morand. Labarai biyu ne aka saƙa wuri ɗaya. Na farko yana bin wani yaro mai suna Nour a cikin ayarin mutanen Sahara da suka bi Shehu Ma'ul Aini daga Smara zuwa arewa tsakanin 1909 da 1912, yunwa da ƙishirwa na cin su, sojojin Faransa kuma na jiran su da manyan bindigogi. Shehun mutum ne na tarihi, ya rasu a Tiznit a 1910. Na biyu labarin Lalla ne, jikanyar waɗannan mutane, wadda ta tashi a unguwar marasa galihu a gaɓar tekun Maroko, ta guje wa auren dole, ta je Marseille ta yi aikin shara a wani ƙazamin otal, hotunanta suka shiga mujallu, daga ƙarshe ta bar komai ta koma gida ta haihu a gindin ɓaure a bakin teku.

Matarsa Jemia, wadda ya aura a 1975, daga zuriyar mutanen wannan yanki take, kuma tare suka rubuta Gens des nuages a 1997 bayan sun ziyarci ƙasar kakanninta a Saƙiyatul Hamra.

Mene ne bambancin Onitsha da L'Africain, tunda duka a kan Nijeriya suke?

Onitsha, na 1991, ƙagaggen labari ne. Yaro Fintan da mahaifiyarsa Maou, 'yar Italiya, sun sauka a Anaca, wato Onitsha, a 1948 wurin uban da yaron bai sani ba, Baturen Ingila mai aiki a kamfanin ciniki. Wurin da ya fi tsaya wa mai karatu a rai shi ne inda Turawa ke shan shayi a farfajiyar gidan Di'o, a gabansu kuma fursunoni ɗaure da sarƙa suna haƙa masa wurin wanka cikin rana. Maou ta tashi ta yi magana, daga ranar kuma sauran Turawa suka juya mata baya. Littafin ya rufe da yaƙin Biyafara, lokacin da garin ƙuruciyar Fintan ya zama kufai.

L'Africain, na 2004, ba ƙage ba ne. Gajeren littafi ne da ɗa ya rubuta yana neman fahimtar ubansa bayan rasuwarsa, an kuma sa hotunan da uban ya ɗauka da kyamararsa. Mutumin Afirkan da ke cikin sunan littafin shi ne uban, wanda ya tsani girman kan jami'an mulkin mallaka, amma daga baya ya gane cewa shi ma, da allurarsa da wuƙar fiɗarsa, wani hannu ne na wannan mulki. A nawa karatun wannan ya fi Onitsha ƙarfi, domin a nan marubucin bai ɓuya a bayan tatsuniya ba, ya faɗi tsoron da ya ji na ubansa, ya kuma yi masa adalci. Tarihin zuwansu Ogoja yana cikin amsar da ta gabata a kan Nijeriya.

A ina Biretanyi ta fito a cikin littattafansa?

Ta daɗe ba ta fito sosai ba. A Révolutions na 2003 ne ya ƙago wani kaka Biretone da ya yi yaƙin Valmy a 1792 a rundunar juyin juya halin Faransa, ya dawo ya tarar da talauci a gida, ya kwashi iyalinsa zuwa Tekun Indiya, wanda a fili yake cewa labarin François Alexis ne aka sauya wa suna.

Sai a 2020, yana gab da cika shekara 80, ya fitar da Chanson bretonne, wato waƙar Biretanyi, inda ya koma Sainte-Marine a bakin kogin Odet, ƙauyen da ya riƙa zuwa hutu har zuwa 1954. Ya tuna zuwa ɗibar ruwa a famfon ƙauye, da karɓo madara a gona, da jirgin fito da ke ƙetarar da mutane zuwa Bénodet kafin a gina gada a 1972. Ya koma ya tarar da gidajen masu hutu a inda gonaki suke, kuma yaran ba sa jin harshen kakanninsu. An haɗa littafin da wani gajeren rubutu, L'Enfant et la guerre, a kan shekarun ɓuya da yunwa a bayan Nice.

Me ya faɗa da aka ba shi kyautar Nobel?

An sanar da kyautar ranar 9 ga Oktoba 2008, ya kuma gabatar da jawabinsa a Stockholm ranar 7 ga Disamba. Ya ɗauko jigon jawabin daga marubucin Suwidin Stig Dagerman, wanda ya lura cewa marubuci yana so ya yi rubutu domin mayunwata, amma sai ya tarar cewa masu ƙoshi ne kaɗai ke da sukunin karanta shi. Le Clézio ya yi magana a kan tsadar littafi a Afirka da sauran ƙasashe matalauta, ya nemi a riƙa buga littattafai da haɗin gwiwar maɗaba'un waɗannan ƙasashe, a yawaita ɗakunan karatu, a kuma kula da harsunan da ake raina su. Ya ambaci Chinua Achebe da Wole Soyinka da Ahmadou Kourouma cikin waɗanda yake girmamawa, amma wadda ya sadaukar wa kyautar ita ce Elvira, wata mai ba da tatsuniya da ya saurara a dajin Darién.

Wane suka ake yi masa?

Babban sukan shi ne yana ƙawata al'ummomin da ba na Turai ba fiye da kima, yana mayar da su mutanen kirki zalla masu zaman lafiya da ƙasa da iska, alhali birnin Turawa kullum shi ne mugu. Wannan suka yana da ƙamshin gaskiya. A Onitsha, alal misali, 'yan ƙasa ba su cika yin magana da bakinsu ba, yawanci ta idon Fintan da iyayensa ake ganin su, kuma wanda ya karanta Achebe zai ji wannan giɓi nan take. Wasu kuma suna ganin jimlolinsa na baya-bayan nan sun cika maimaita haske da iska da teku.

Sai dai bai tsaya ga rubutu kawai ba. Ya yi amfani da sunansa wajen kare mutanen tsibiran Chagos da aka kwashe daga ƙasarsu domin a kafa sansanin sojan Amurka a Diego Garcia, ya kuma sa hannu a sanarwar marubuta 44 ta 2007 da ta nemi a daina ɗaukar adabin Faransanci na Afirka da sauran wurare a matsayin ɗan rakiyar na Paris.

Da wane littafi ya kamata in fara?

Ɗalibin da Faransancinsa bai nuna sosai ba ya fara da Mondo et autres histoires, domin labaran gajeru ne, kalmominsu kuma na yau da kullum. Daga nan sai L'Africain, wanda ana iya gama shi a zama biyu, sannan Onitsha, domin a ga yadda abu ɗaya ya fito a matsayin tarihi da kuma ƙage. Désert yana son haƙuri, musamman shafukan tafiyar ayari, inda aka ja labari a hankali da gangan don mai karatu ya ji nisan hanyar. Wanda ba ya jin Faransanci zai sami Onitsha da Désert da L'Africain a fassarar Ingilishi, waɗanda suka fito a 1997 da 2009 da 2013 bi da bi. Littattafan farko da aka yi bayaninsu a amsar da ta shafi tashensa a bar su sai an saba da muryarsa.